Ruwan Tokar da Iska Ta Fi Shi Nauyi

Gwaggona ba ta cin ƙwai. Kaji shida take kiwo a bayan rumfar da take dafa sabulu, amma a shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa ganin ta fasa ƙwai don bakinta. Ƙwai a wurinta kayan aiki ne, kamar muciya da mataci.

Yayar mahaifina ce, mutanen layinsu kuma Mai Sabulu suke ce mata. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da duro biyu da ba komai a ciki. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ce ta nuna mata yadda ake huda gindin duro, a cika shi da toka, a zuba ruwa ya tsiyaye, a dafa ruwan tokar har ya yi ƙarfi, sannan a haɗa shi da mai a tuƙa. Tsohuwar ba ta kai ga gaya mata yadda ake sanin ƙarfin ya isa ba, ta koma wurin ɗanta. Sabulun Gwaggo na farko ya saɓule wa masu wanki fatar hannu. Na biyu ya kwana uku a tukunya yana kallonta, ya ƙi ɗaurewa. Har yau akwai wani farin tabo a damtsenta na dama, tana ce masa takardar shaidarta.

Wajen wani mai sayar da mai ta ji zancen ƙwai. Idan ruwan tokar ya huce sai a saka ƙwai a ciki. In ya nutse, ruwan bai yi ba, a mayar da shi wuta. In ya yi tsalle ya kwanta a sama, ya yi yawa, a sirka. Abin da ake so shi ne ya taso a hankali, ya leƙo da kai daidai faɗin farcen babban yatsa. Gwaggo ta ƙara wa wannan doka tata: sai ƙwan da aka yi a safiyar ranar.

“Ƙwan jiya maƙaryaci ne,” in ji ta. “Na shekaranjiya kuwa shaidar zur, ko a ruwan randa sai ya ce maka an yi.”

Shi ya sa take kiwon kajin. Ranar da ba wadda ta yi ƙwai, ba a ɗora tukunya, mata huɗun da ke aiki da ita su yi yankan sabulun jiya su tafi gida.

Ni kuma na yi shekara tara a wata ƙasa mai nisa ina karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Da na dawo na je gaishe ta, na tarar tana gwajin ƙwan, sai na zauna a kan benci na yi mata bayani. Na ce kowane abu yana da abin da littafi ke kira densiti, wato nauyinsa idan an raba shi da girman wurin da ya cika. Ƙwai sabo ya ɗan fi ruwa, shi ya sa yake nutsewa. Ruwan toka in ya dahu yakan ɗan fi ƙwan, sai ya ɗaga shi. Tsohon ƙwai kuma iska ce ke taruwa a cikinsa, nauyinsa ya ragu. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

“Shekara tara,” ta ce da Auta, ƙaramar 'yarta, wadda ke yanka sabulu da waya a gefe. “An koya masa abin da kazata ta sani.”

Tun ranar take kirana Masani.

Wata biyu bayan haka aka liƙa mata takarda a ƙofar rumfa, daga ofishin da ke duba ingancin kayan sana'a. Auta ta karanta mata. Duk mai dafa sabulu sai ya cike fom cikin kwana goma sha huɗu, ya rubuta densitin ruwan da yake aiki da shi. Wanda bai kawo ba, za a sa wa rumfarsa kwaɗo da jan fenti. Gwaggo ta aiko a kira ni.

“Ga ranarka ta zo,” ta ce. “Je ka tambayi ƙwan abin da yake nufi da boko.”

Ban ɓoye ba, na ji daɗi. Na aro ƙaramin sikeli da kofin awo mai zane a jiki. Washegari da safe, bayan ƙwan ya leƙo da farcensa, na auna kofin shi kaɗai, na zuba mililita ɗari biyar na ruwan tokar, na sake aunawa, na cire nauyin kofin. Giram ɗari biyar da sittin. Na raba, ya ba ni 1.12, giram a kowace mililita. Na maimaita sau uku. Bayan kwana biyu na sake da wata dahuwar da ƙwan wata kazar, ya ba ni 1.12. Na taɓa aiki da na'urori masu tsada da ba su kai kajin Gwaggo tsayawa kan magana ɗaya ba.

Sai na buɗe fom ɗin. A layi na bakwai an rubuta cewa a ba da amsa da kilo a kowace kubik mita. Wannan ba wuya. Kubik mita akwati ne mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, yana cin lita dubu. Kowace lita ta ruwan Gwaggo kilo 1.12 ce, don haka akwatin zai yi kilo 1120. Matsalar ita ce wurin rubutawa. Gurbi uku ne kacal, kuma an riga an buga ɗigo bayan na farko. Wanda ya tsara fom ɗin ya ɗauko gurabensa daga wani littafi, ma'auninsa daga wani. Na matse lambobi huɗu a gurbi uku, na bi ta kan ɗigon, na kai.

Akawun da ke karɓa mutum ne mai sanyin magana, da tabarau a kan hanci da fanka a bayansa tana kaɗa takardu. Ya duba layi na bakwai, ya turo mini fom ɗin da yatsa ɗaya.

“Malam, ka yi lodi.”

Na yi masa bayanin akwatin da lita dubu. Ya gyaɗa kai a duk inda ya kamata. Sannan ya jawo wani tulin fayil ya fara buɗewa: 1.10, 1.15, 1.09, 1.21, kowanne da hatimi.

“Mutum ɗari biyu da wani abu,” ya ce. “Duk sun sami wuri a gurbi uku. Kai naka ruwan daga ina aka kawo shi?”

Na ce masa iskar da ke cikin ɗakin nan, kubik mitarta ta kai wajen kilo 1.2. Idan abin da ke fayilolin gaskiya ne, rabin ruwan tokar garin nan iska ta fi shi nauyi, da an buɗe murfi sai ya tashi ya bi ta taga. Ya kalli tagar, ya dawo da idonsa kaina.

“Ba a kawo mana ƙorafin haka ba,” ya ce. “Fom daga hedikwata yake zuwa. Ba a gogewa, ba a ƙara gurbi. Ga sabo, na ƙarshe ke nan da zan ba ka.”

Na rubuta wa shugaban ofishin wasiƙa shafi uku, har da zanen akwatin. Aka karɓa, aka buga mata hatimi, aka ce kwamiti zai zauna bayan wata biyu. A lokacin kwana goma sha ɗaya sun tafi.

Auta ce ta fara gajiya da ni. “Yaya, don Allah rubuta musu ɗaya da ɗigonsu. Kai in an rufe rumfar nan kana da aikin koyarwa, allo da alli. Mu fa?”

Gaskiyarta. Na ɗauki biro zan rubuta, na ce da Gwaggo ta kawo yatsa ta dangwala. Da ma ba ta sa hannu, tawada take dangwalawa. Ta goge hannu a zani, ta tsaya.

“Tukuna. Me zan dangwala a kai?”

Na gaya mata a taƙaice.

“Wato in yarda cewa ruwana iska ta fi shi nauyi.”

“A takarda ne kawai, Gwaggo.”

“Shekara talatin da huɗu ina ƙona itace don ruwan nan ya yi nauyi. Bayana ya ranƙwafe wajen ɗaukarsa. Sannan in sa yatsana a kan cewa tururi nake sayarwa?” Ta mayar da hannun bayanta. “Su zo da kwaɗonsu.”

Na ɗauka zuwa safe za ta huce. Ba ta huce ba. Auta ta yi lallami, ta yi faɗa, ta kirawo yayyenta a waya, kowa ya yi nasa. Matan da ke aiki suka fara yi mini kallon wanda ya shigo da wuta cikin rumbu. Ni da na kunna rigimar na koma mai ba da haƙuri, ina rantsuwa cewa ma'auni ba wani abu ba ne, abin da malamina ya taɓa ba ni sifili a kansa a jarrabawa.

Ranar kwana na goma sha huɗu, da hantsi, ta ce in tare mana mota. Ta fito da bokiti cike da ruwan toka, ta rufe shi da murfi, ta ɗaure murfin da igiya, ta ɗora masa dutsen da take danne sabulu. Da muka isa ofishin, ni na ɗauka har hawa na biyu, ina hutawa a kowace kwanar matakala. Ta wuce layin mutane tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya hana tsohuwa. Ta nuna mini gefen teburin akawun, na sauke.

“Sannu da aiki, ɗana,” ta ce. “Ka yi haƙuri da dutsen. An ce mini a ofishinku kayan nan tashi yake, kada ya ɓata muku silin.”

Mutanen layi suka fara dariya ƙasa-ƙasa, yawancinsu masu sabulu ne. Akawun ya janye fayilolinsa daga kusa da bokitin.

“Mama, ni ba ni na buga fom ba.”

“Na sani. Ɗaga dai ka ji, da hannu ɗaya.”

Bai ɗaga ba. Ya ce ya yarda akwai nauyi, amma nauyi daban, fom daban, kuma ƙarfe biyu ake rufe karɓa. Gwaggo ta ja kujera ta zauna, ta shimfiɗa fom ɗin a gabanta kamar mai karatu.

“Masani, zo nan. A layin nan, wane ne maƙaryacin? Lambar ko 'yan haruffan da ke gefenta?”

Na ce lambar daidai take, ni na auna ta. Haruffan ne suka ba ta aikin da ba nata ba.

“To rubuta lambar.” Na rubuta 1.12, ta zauna a gurabenta kamar don ita aka yi su. Gwaggo ta juya. “Ɗana, hatimin nan naka, a ina doka ta ce a buga shi?”

“Ko'ina a shafin farko.”

Ta ɗora yatsa a kan haruffan. “Nan shafin farko ne?”

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya kalli agogo, ya kalli layin da ya kai bakin matakala, ya kalli bokitin. Sai ya danna hatimin a tawada sosai, ya sauke shi daidai inda yatsanta ya tashi. Kilo da kubik mita suka shige ƙarƙashin shuɗin tawada. Ta leƙa, ta tambaye ni ko ana iya karanta wani abu, na ce a'a. Sannan ta dangwala.

Muna saukowa da bokitin, a kwana ta biyu, abin ya faɗo mini. Lamba irin wannan, idan ba ma'auni a gefenta, tana da ma'ana a littafi: sau nawa abu ya fi ruwa nauyi. Ruwan Gwaggo ya fi ruwan famfo sau 1.12. Fom ɗinta shi ne na farko a ofishin da ya faɗi gaskiya, kuma hatimi ne ya gyara shi. Na ajiye bokitin na fara yi mata bayani.

“Riƙe da kyau,” ta ce. “Da shi za a yi tuƙin gobe.”

Takardar izinin tana rataye a rumfar yanzu, cikin leda saboda hayaƙi. Wasiƙata har yau tana gaban kwamiti. Auta ta gaya mini akawun ya ci gaba da buga hatiminsa a wurin nan ga duk wanda ya zo, har abokan aikinsa suka ɗauka sabon umarni ne daga hedikwata. A watan jiya an mayar da wani mai sabulu gida, saboda hatiminsa ya sauka a ƙasan shafi kuma ana ganin ma'aunin.

Na taɓa kawo wa Gwaggo ma'aunin gilashi, irin wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba. Ta juya shi, ta yaba kyansa, ta sa Auta ta gwada shi da ƙwan safiyar. Suka yi daidai. Ta ce ba laifi, yana da gaskiya, a ajiye shi a kan kantar rumfa saboda ranar da kaji suka yi yaji.