Keken da Ke Kuka da Hantsi

Ranar wata Litinin ce cikin watan Yuni, shekarar da nake aji biyar na firamare, malamarmu ta taɓa goshina ta ce in tafi gida, zazzaɓi ne. An kwana ana ruwa, layinmu na Samaru duk ya zama taɓo, na taho riƙe da takalmina a hannu. Ban taɓa ganin gidanmu da hantsi a ranar makaranta ba. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kullum cike da kukan yara da ƙarar rediyo, amma ran nan ya yi tsit, sai kaji ke tono a gindin gwanda. Ƙofarmu na rufe da kwaɗo, kamar yadda Mama ke barinta in ta tafi kasuwa. Ina tsayawa na ji ƙarar ƙarfe daga ciki, tana juyawa a hankali, ta tsaya, ta sake ɗauka. Na san ƙarar sarai, ta keken motsa jikin da ke falonmu ce. Na kuma san babu kowa a bayan ƙofar nan sai Baba, wanda ko zama a bakin gado sai an tallabe shi. Na ce, "Baba?" Ƙarar ta yanke. Sai wani abu mai nauyi ya faɗi, aka shiga jan sa a ƙasa kamar buhun masara. Ni da ko ƙadangare ya gifta sai na yi ihu, ban san lokacin da na watsar da takalmin na zura da gudu ba.

A wurin injin markaɗe na samo Hajiya Ladi, maƙwabciyarmu, wadda Mama ke bar wa makulli don ta riƙa leƙa Baba da azahar. Kafin ta gama markaɗenta ta biyo ni an daɗe. Muka tarar da Baba kwance a gadonsa a uwar ɗaki, ya juya fuska ga bango. Falo babu kowa. Hajiya ta yi bisimilla ta ɗora hannu a kan kujerar keken, ta janye da sauri ta goge a zaninta. Ni ma na taɓa. Da ɗumi, kuma a jiƙe.

Baba malamin lissafi ne a wata sakandare a Sabon Gari, dogon mutum mai farar riga da karin guga, wanda ko hamma ba ya yi a gabanmu sai ya rufe baki da hankici. Gab da Kirsimeti ciwo ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma sai gurnani. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Masu gashin ƙashi a asibiti suka ce in ba a motsa ƙafar kullum za ta sandare ke nan. Kai shi asibiti kuwa aiki ne na maza biyu da mota. Shi ne yayana Ishaya, wanda ke karatun kwamfuta a jami'a, ya yi ta yawo a shagunan unguwar PZ har ya samo keken a shagon kayan gwanjo, irin mai kujera ƙasa-ƙasa da majingini. Mai shagon, don ya nuna kayansa na da kyau, har cewa ya yi, "Mai shi ya mutu ne, bai ma hau shi sosai ba." Akwai ɗan allo a gabansa, in aka juya feda sai ya kawo haske, ya nuna sunan wancan mamacin, da nisan tafiyar da aka yi, da wata ƙaramar zuciya tana ƙiftawa.

Ranar da aka kawo keken a bayan a-kori-kura, duk gidan ya taru. Yaya Ishaya da wani maƙwabci suka ɗauko Baba suka ɗora shi, mata na tsaye a ƙofa suna sannu, yara sun cika taga. Ƙafar da ta shanye ta zame daga feda, Baba ya tafi gefe guda, zaninsa ya kwance. Wani yaro a taga ya ƙyalƙyale da dariya. Ban taɓa ganin ido irin na Baba a lokacin ba. Aka mayar da shi gado, daga nan duk wanda ya ambaci keken sai ya juya masa baya. Keken ya zama wurin rataye tawul.

Bayan waccan Litinin ɗin ne muka fara lura. Ni ke sharar falo kafin in tafi makaranta, bayan na ɗebo ruwa a rijiya na wanke kwanuka, saboda haka na san yadda nake barin komai. Nakan bar fedar dama a sama, in dawo in same ta a ƙasa. A kan siminti kullum akwai wani dogon sawu mai faɗi, inda ƙura ta goge, daga ƙofar uwar ɗaki zuwa gindin keken. Nisan da allon ke nunawa yana ƙaruwa alhali babu mai hawa. Ɗankwalin Mama da take ajiyewa a hannun kujera sai a same shi a murɗe da damshi. Hajiya Ladi ta ce ita ma yanzu tana jin ƙarar ta bango, har ta daina zama a ɗakinta da hantsi. Da Mama ta tambayi Baba ko yana jin wani abu in mun fita, sai ya rufe ido ya girgiza kai.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai makaranta. A filin wasa, in muna carafke ko 'yar gala-gala, sai yara su matsa su ce in faɗa musu yadda fatalwar take. Wata ta ce tsohon mai keken ne bai gama tafiyarsa ba, wani ya ce in nisan ya kai wani adadi zai tafi da mutum ɗaya daga gidan, kuma kowa ya san wa ya fi kusa. Ba na ƙarya, na yi ta ƙara wa labarin gishiri saboda daɗin yadda ake kewaye ni, amma in na doshi gida sai in riƙa jan ƙafa. Na daina shiga falo ni kaɗai. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a suka ɗora hannuwa a kan keken, Hajiya ta kawo garwashi da turare ta zagaya shi. Washegari feda ta sake juyawa. Nan Mama ta yanke hukunci a gaban kowa, ta ce ran Asabar za a fitar da shi, ko a mayar PZ ko a ba 'yan gwangwan. Baba yana jin ta daga gado. Na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe zanin gado.

Yaya Ishaya ne kaɗai ya ƙi yarda. Yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif, da ita yake warware duk matsalar duniya. Da ita ya tsara wa Mama lokutan maganin Baba, da ita ya sauko da bidiyon yadda ake murza ƙafar mai shanyewar jiki. Akwai wata manhaja a ciki da ke sa kyamarar ta fara ɗauka da zarar abu ya motsa a gabanta. Ya ce a ɗakin kwanansu na jami'a da ita ya kama mai cinye masa garin kwaki, ashe ba ɓera ba ne. "In fatalwa ce ma, Rahila, sai mun ga fuskarta," in ji shi. Ya kai kwamfutar shagon aski aka cika mata caji, ran Alhamis da sassafe ya cusa ta cikin kabad tsakanin kwanukan Mama, ya bar ƙofar kabad ɗin a ɗan buɗe. Ni kaɗai ya faɗa wa. Ranar ban ji ko kalma ɗaya ta malamarmu ba.

Da la'asar muka ɓuya a madafa, muka ja ƙofa, ya kunna. Hoton ya yi duhu-duhu, ga keken, ga labulen uwar ɗaki. Labulen ya motsa daga ƙasa. Na ƙanƙame hannun Yaya. Wani abu ya fito ta ƙarƙashinsa yana jan ciki, hannu ɗaya na gaba, ya ja, ya huta, ya kifa goshi a siminti. Sai da ya ɗago kai na gane singiletin. Baba ne. Ya ja jikinsa har gindin keken, ya kama kujerar, ya zame, ya sake kamawa, ya zame, har dai ya hau. Ya ɗago matacciyar ƙafar da hannu ya ɗora a feda, ya jawo ɗankwalin Mama ya ɗaure ta, yana jan bakin ƙullin da haƙora. Sannan ya fara tuƙi, gumi na zuba, kansa na rawa. Bakinsa na motsi, Yaya ya ƙara murya. Sunayenmu yake gwadawa, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan nawa. Harafin farko ke ƙi masa, ya yi ta maimaitawa shi kaɗai a falon da babu kowa.

Ba mu ji shigowar Mama ba. Ta tsaya a bayanmu da tiren kayan miya a hannu, ta kalla har inda ya sauko ya goge kujerar da gefen singiletinsa, ya mayar da tawul yadda yake, ya koma ta ƙarƙashin labule. Ta ajiye tiren, ta miƙa hannu ta rufe kwamfutar a hankali. Ta ce, "Babu abin da kuka gani. Ubanku ba ya rarrafe." Ta sa Yaya ya goge bidiyon a gabanta. Ina kuka na ce to a faɗa wa mutane babu fatalwa mana. Ta dube ni ta ce, "Akwai. In aka ce babu, gobe ba zai sauko daga gado ba."

Asabar ta zo ta wuce keken na nan. Mama ta gaya wa 'yan gida cewa ta yi addu'a a kai, kuma abin da bai taɓa kowa ba a bar shi ya yi tafiyarsa. Aka yi ta gulmarta, wasu suka daina aiko yaransu ɗakinmu, ita kuwa ko a jikinta. Ta matsar da keken kusa da ƙofar uwar ɗaki wai don ta ji daɗin shara. Ta shimfiɗa tabarma a tsakani wai siminti na da sanyi. Ta riƙa mance ɗankwali da kofin ruwa a inda hannun hagu zai kai. Da Yaya ya kawo man keke zai ɗiga don ƙarar ta daina, ta ƙwace ta ɓoye. Sai lokacin hutu na gane dalili. In ta sa kwaɗo da safe ba kasuwa take wucewa ba, zagayawa take bayan gida, ta zauna a cikin 'yar gonar masararmu a ƙarƙashin taga, tire a cinya. Muddin keken na kuka, bai faɗi ba. Sai ƙarar ta tsaya, ta ji jan jikin ya kai gado, sannan ta tashi ta kaɗe zani ta tafi, ko da kasuwar ta fara watsewa. Ni ma na koyi zama a gefenta. A makaranta kuwa na ci gaba da ba da labarin fatalwa, har na yi mata dogon gemu.

Masara ta nuna an karye ta, ruwa ya ɗauke. Wata Lahadi da safe muna shirin coci, labulen uwar ɗaki ya buɗe, ta sama wannan karon. Baba na tsaye, dafe da bango, cikin farar rigarsa, maɓallan sun saɓa. Ya dube ni ya ce, "Rahila, takalmina." Ya fito da sunan cif, kamar bai taɓa wahalar da shi ba. Mutanen gida suka yi ta cewa ikon Allah, kuma ikon Allah ne. Ya rayu shekaru bayan haka yana dogara sanda, har ya koma koyar da yara lissafi a ƙofar gida. Bai taɓa hawa keken a gabanmu ba, bai taɓa zancensa ba, mu ma ba mu taɓa yi ba, har muka kai shi makwancinsa.

Yanzu agogon hannuna ma ya san yawan motsina, wayata kuma na aika wa ƙawayena labarin duk gumin da na yi, su tafa mini, ni ma in tafa musu. Ba na ƙin haka, yana sa ni tashi. Amma nakan tuna cewa babban aikin da kwamfutar Yaya ta yi mana shi ne ta nuna sau ɗaya, aka rufe ta. Gonar masarar an yi shaguna a wurin, Hajiya Ladi ta koma wajen ɗanta a Palladan, keken kuwa yana falo har yau, allonsa ya daɗe da mutuwa, ɗankwali na rataye a hannunsa. Da na je gida bara na ga Mama, hantsi na yi, ta ɗauki mayafinta ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta zagaya ta zauna a kan benci a ƙarƙashin tagar. Na bi ta na zauna. Na tambaye ta ko tana jin wani abu ne. Ta ɗora yatsa a baki, ta karkata kunne ga bango. Muka daɗe a haka, ni ma ina kasa kunne, ina roƙon Allah in ji. Can ta sauke ajiyar zuciya ta kaɗe zaninta ta ce, "Ya kai gado. Tashi mu shiga."

Har yau ba a sa wa keken nan mai ba.