Malamin Alƙali

Daga tagar ofishinta, magatakarda tana kallon dattijon da ke zaune a bencin barandar kotu. Rigarsa ta sha guga amma ta koɗe a wuya. Biro biyu ne a aljihunsa, ja da shuɗi, irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran littattafan ɗalibai. Ya cire hula yana murzawa a kan gwiwa, ya kasa ɗaga kai.

Ɗazu, ana fara sauraron shari'ar gonarsa, murna ta kwashe shi, ya dubi alƙali ya ce, "Ikon Allah, ai ni na koya maka rubutu a aji uku." Nan take alƙalin ya tsame hannunsa daga shari'ar. Shekara huɗu dattijon yana jiran wannan rana, yanzu kuma sai an nemo wani alƙalin.

Lauyansa na tsaye a kansa. "Baba, ban ce ka bar mini magana ba?"

Dattijon ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Ba gonar ce ta dame ni ba. Ni da na hana ɗalibaina satar amsa, kada yaron nan ya zaci alfarma na zo nema."