Ranar da Na Danna wa Ƙofar Aji Sakata

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da gidanmu a Kusfa, kuma wallahi ina ji da kaina. Ajina ba a makara. Ana buga ƙararrawa nake sa wa ƙofa sakata, na waje ya tsaya waje. Sai aka kawo mini wata doguwar yarinya, ta girmi duk 'yan ajin, cikin mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauye suka raɓe wajen dangi. Tana da kai, ba ƙarya, amma ba ta zama sai bakin ƙofa, kuma kullum sai ta roƙe ni a hankali in bar ƙofar a buɗe. Ni kuwa na ɗauka hanyar sulalewa talla take nema. Na laƙaba mata mai gadi, yara suka kama.

Wata safiya na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na mayar da ita ƙuryar aji, na danna sakata. Ana cikin karatu tayar wata mota ta fashe a titi. Kafin in juyo yarinyar nan ta tattaka bencuna ta iso ƙofa, tana jijjigar ta tana kiran sunan wata, fitsari na bin ƙafarta. Yara suka kwashe da dariya. Abin da ke cin raina har yau, ni ma na dara, har na ce ta ɗauko tsumma ta goge.

Ba ta sake zuwa ba. Da na bi sawunta wajen Kufena, gwaggonta ta faɗa mini cewa ranar da 'yan bindiga suka shiga makarantar ƙauyensu, malaminsu ya kulle ƙofa don ya kare su. Ita ta fita ta taga, ƙanwarta ba ta samu fita ba, har yau ba labarinta. Ashe sunan ƙanwar take kira rannan a ajina. Dama da ƙyar aka lallashe ta ta sake shiga aji, ga shi yanzu ta rantse ba ita ba boko, tana wanke-wanke a gidan wata Hajiya. Na je har can na ba ta haƙuri. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ba komai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yan'uwana malamai, yaran nan kullum shigowa ajujuwanmu suke yi, ba su kuma faɗin abin da suka gani. Ku tambaya kafin ku hukunta. Ni dai na sa kafinta ya cire sakatar, amma wadda ta roƙa ba ta nan.