Ni Na Ɗebo Wutar, Yayana Ya Sha Bulalar

Abin da zan faɗa ya faru shekara biyu bayan farar da ta cinye mana gero, tun Bature na zuwa rangadi Rogo a kan doki, kafin yaƙin da aka kwashi samarinmu. Ban yi boko ba, ni ke faɗa ana rubutawa, amma ba mai gyara mini zance. Lokacin ina wani ƙauyen Maguzawa kusa da Fulatan, da cikin fari wata bakwai, ga kyau, ga baki, ga girman kan da ya fi ƙarfin wuyana.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuturta ta kama shi, ya tafi wurin 'yan mishan neman magani, ya dawo da guntayen yatsu da addinin Almasihu. Gari ya tsane shi. Ni kaina ko ƙwaryar da ya sha ruwa ba na taɓawa. In ya fara zancen wai wani marar laifi ya ɗauki hukuncin masu laifi, sai in tuntsure da dariya in tambaye shi wane alƙali ne zai yi wannan shari'ar a bar shi da rawaninsa.

A wurinmu, mace in ta je ɗibar wuta a maƙwabta, rufe kaskon take yi da wani kasko, kuma ba a ratsawa ta tsakanin rumbuna, zagayawa ake yi. Ran nan da azahar, an gama shigar da dawa ke nan, na ɗebo garwashi ban rufe ba, na ratsa, don a ganina hannuna bai taɓa ɓari ba. Iska ta kaɗa, tartsatsi ya hau jinka. Rumbu huɗu na maƙwabcinmu suka zama toka, abincin shekarar gida guda. Ba wanda ya gan ni sai yayana da ke zaune gindin ɗorawa.

Da dagaci ya tara mutane, na ja bakina na yi gum, don na san bulala ce da kora, ga ciki. Sai yayana ya miƙe ya ce a ɗora masa, shi zai ɗauka. Ba wanda ya ƙara tambaya, dama neman dalili ake yi a kansa. Kafin a wuce da shi Ƙaraye na kai masa fura yana ɗaure. Ya ce mini Allah ba ya tura laifi ƙarƙashin tabarma, sai wani ya ɗauke shi, ƙauna kuwa ita ce ke duƙawa ta ba da baya, haka Almasihu ya yi masa shi ma. Ni kuwa na murguɗa baki na ce ai ban roƙe shi ba. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Aka yi masa bulala, aka kai shi kurkukun Kano, can ya mutu, bai ga damina ba.

Daga baya na shiga addininsa. Amma duk sanda fasto ya yi wa'azin fansa, mutane na waƙa suna tafi, ni ɗaci nake ji. Sun ji labarin fansa ne kawai, ni na ga bayan da aka farfasa dominta. Na gane ba a yi mini rashin adalci ba, ba a kuma rage ni da ƙauna ba. Ni ce na karɓi duka biyun na ɓoye, na bar mutumin kirki da sunan mai ƙona rumbu har na yi furfura.

Ku da ke karantawa, in wani ya tsaya a madadinku, kada kunya ta hana ku faɗa tun yana da kunnen jin godiya. Cikin duk waɗanda suka tsaya gaban dagaci ranar, saura ni da 'yar mai rumbunan, wata makauniyar tsohuwa a Ruwan Bago. Har yau in aka ambaci yayana tofar da yawu take yi. A karanta mata wannan, ta san wanda za ta tofa wa.