Tambaya ta uku ta Yaya Hamisu

A wannan makon Yaya Hamisu ya cika shekara tara da rasuwa. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma shi ya tarbe ni ranar da na sauka Manchester karatu, shi ya saya min rigar sanyi ta farko, don haka ban taɓa iya kiran sunansa gatsal ba. Shi ne kocin ƙwallon wata kwaleji a wajen unguwar Gorton. Da na gama karatu ya ja ni jikinsa, na zama mataimakinsa.

Duk wanda ya yi wasa a hannunsa ya san ba a taɓa ƙwallo sai an gaisa. Samarin nan, Turawa da 'yan Somaliya da 'yan Pakistan da jikokin Jamaika, sai su jeru a bakin fili cikin yayyafi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaya gida? Yaya jikin mamanka? Kuma ba ya karɓar amsar farko. Yakan ce "lafiya lau" ɗin farko ladabi ne kawai, sai ya sake tambaya, ya kuma sakewa. A ta uku ake jin wane bai karya ba, wane babansa ya rasa aiki. Da abin da ya ji yake tsara wasan Asabar: mai damuwa a sa shi kusa da abokinsa, mai fushi a hutar da shi rabin lokaci. Ni kuwa ina gefe da usur a wuya ina duba agogo, ina cewa a raina, kai wannan bawan Allah, ƙwallo muka zo ko zumunci?

Sai shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu suka zo. Aka yi ta rufe wuraren matasa a unguwanni, kwalejin ma ta ce ba za ta iya riƙe cikakken koci ba. Aka kira ni ofis ni kaɗai, aka ce za a sallame shi, ko zan riƙe ƙungiyar na 'yan awoyi a mako? Matata na da tsohon ciki, na ce to. Wannan ina da uzuri a kansa. Abin da ba ni da uzuri shi ne ban je na gaya masa da bakina ba. A allon sanarwa ya gani. Washegari ya miƙo min makullin ɗakin kaya, ya ce, "Allah ya taya ka riƙo, Nafi'u." Wallahi ban iya ɗaga kai ba. Daga nan ya kwashe iyali ya koma Sparkhill a Birmingham, ya kama tuƙin motar kai kaya.

Aka rage mana lokacin fili zuwa awa ɗaya, ni kuma abin da na fara yankewa shi ne gaisuwa. 'Yan wasan ba su canza ba, tsarin ma nasa ne na ci gaba da shi, amma sai aka shiga cin mu kamar an yi mana baki. Mai tsaron gidanmu, Liam, ya yi ta makara, na ajiye shi a benci don ya zama darasi. Daga nan ya daina zuwa. Sai daga baya na ji ashe mahaifiyarsa ce a kwance, an rage ma'aikatan da ke zuwa gida kula da ita, shi ke yi mata komai kafin ya fito. Da Yaya ne, da ya ji wannan tun ranar farko. Bayan na bar aikin an kawo koci biyu na haya, kowa da sabon tsarinsa, ba wanda ya daɗe har ya riƙe sunayen yaran. Daga ƙarshe aka rushe ƙungiyar.

Kafin in bar aikin mun je wasa Birmingham. Muna saukowa daga bas sai ga Yaya tsaye a bakin fili da rigar aikinsa. Ba wanda ya ce musu komai, yaran suka jeru. Ya bi su har ƙarshe, sannan ya zo kaina.

"Nafi'u, yaya gida?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Yaya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Ya riƙe hannuna bai saka ba, ya kalle ni. "Lafiya dai ko?"

Shekara nawa na yi a gefensa, na san abin da wannan tambayar take nufi. "Ka yafe min" na bakina. Amma kunya irin tamu ta danne ni, na ce, "Lafiya ƙalau." Ya ce, "To madalla," ya saki hannuna. Zuwana Birmingham na gaba, sahun jana'izarsa na tsaya. Ciwon zuciya ne, ba jinya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙwallon yau. Yanzu ana rataya wa yaro na'ura a baya ta faɗi nisan gudun da ya yi, a ba shi fom ya cike yadda yake ji a ransa. Na san dariya zai yi, ya ce fom ba ya sake tambaya. Filinmu ma yana nan, wasu ke haya. Kofunan da ya ci ban san inda aka jibge su ba.

A bara ina cikin bas a Old Trafford wani ƙaton mutum ya dafa ni, riƙe da 'yarsa. Liam ne. Na ɗauka zai yi min gori, sai ya zauna kusa da ni ya ce yaya gida. Na ce lafiya. Ya ce yaya aiki. Na ce lafiya. Ya yi murmushi ya ce ai koci Hamisu ya ce biyun farko ba a ƙirga su, sannan ya sake tambaya.

Na ce masa ba lafiya ba. Na gaya masa komai, tun daga ofis har zuwa bencin da na ajiye shi, ina kuka a gaban mutane, har na wuce tashata. Shi ya ce ya yafe tuntuni. Wanda ya fara yi min tambayar kuwa ba ya nan balle ya ji amsa.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya. Ba lafiya ba ne ranar nan. Ka yafe min.