Ranar da Baba Bai Durƙusa Ba

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Riyad, amma akwai wata Juma'a da ko tsufa ya cinye mini hankali ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina tuƙa motar kaya a kasuwar gwari ta Aziziya. Shekara guda ke nan cif da fara aiki da dokar da ta ba ma'aikaci baƙo damar sauya wurin aiki, ko ya je gida ya dawo, ba sai kafil ya sa hannu ba. Kafil shi ne ubangidan da iƙamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, ke ƙarƙashinsa, kuma a da ko filin jirgi ba ka isa ka tunkara ba sai da yardarsa. Dokar ba ta kai ga direbobin gida da masu aikatau ba, wannan kam har yau yana ci mini rai. Amma mu da ta shafa muka ce wallahi sai mun yi walimar cikarta shekara. Bayan an sauko daga masallaci muka hallara a wani tsakar gida a unguwar Nasim, ga shinkafar kabsa, ga tuwon da 'yan Maraɗi suka tuƙa, kowa na ba da labarin yadda ya rabu da nasa ƙarfen ƙafa.

Mutum ɗaya ne bai ci ba. Wani dattijo ne ɗan Damagaram mai tsince tumatir a rumfar wani Balarabe, duk Baba muke ce masa. Mahaifiyarsa na kwance a gida, idonta ya tafi, kullum saƙonta ɗaya ne: ya zo ta taɓa shi kafin ta mutu. Kafil kuwa, wato Balaraben nan, in Baba ya roƙi izinin tafiya sai ya ce, "Bukra, inshallah." Goben nan ta ƙi zuwa.

Baba yana da wata ɗabi'a da muke tsokanarsa a kai. In kafil ya kira shi a waya, sai ya cire hula ya durƙusa har ƙasa, kamar mutumin na tsaye a gabansa. Tarbiyyar gida ce, haka ya tashi yana gaida na gaba.

Na matsa kusa da shi na ce, "Haba Baba, bikin me muke yi? Kawo wayarka, yanzu a nema maka izinin fita."

Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ina cin abincinsa. In tsallake shi in tafi wajen hukuma? Ai butulci ne."

Raina ya ɓaci, ni dama ba ni da haƙuri. Na ce, "Abincin da ka ci guminka ne, Baba! Ita tsohuwar da ta ba ka nono fa, wa zai ce mata bukra?"

Har na fara tsoron na wuce gona da iri. Can sai ya miƙo wayar. Muka shiga manhajar gwamnati muka tura buƙatarsa. Abin da na manta ban gaya masa ba shi ne, ana turawa kafil ke samun sanarwa.

Ba mu gama wanke hannu ba wayar ta yi ƙara. Kafil ne. Baba ya miƙe, ya cire hula, muna jin ihun Balaraben daga inda muke zaune. Gwiwarsa ta fara lanƙwasa kamar kullum, na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya tsaya a rabi. A hankali ya miƙe tsaye sosai, ya mai da hularsa, ya yi magana da Larabcinsa na kasuwa ba tare da ɗaga murya ba.

"Ya Mudir, maigidana, na gode da zaman da muka yi. Amma yau ba roƙo nake ba, sanar da kai nake. Uwata na kirana. Fasfona da ke wurinka, gobe zan zo karɓa."

Ƙarti majiya ƙarfi, masu sauke buhunan albasa, na ga suna share ido da bakin riga. Wani ya yi kabbara, muka amsa gaba ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin kwarjini irin na tsohon nan a tsaye da hularsa ba.

Kafil ya yi ta bambami, amma ya ba da fasfon. Baba ya iske tsohuwar da rai. Da ya dawo ya ce mini ta shafa fuskarsa tun daga goshi har gemu, ta ce, "Ashe kai ma ka tsufa." A hannunsa ta cika.

Har yanzu duk shekara muna yin walimar, kuma har yanzu Baba na durƙusa wa manya in zai gaishe su. Abin da na koya a ranar shi ne, hukuma za ta iya rubuta maka 'yanci, amma miƙe gwiwar kai za ka yi da kanka, kuma ka yi shi tun wanda ke jiranka yana numfashi.