Malamin da Ake Kira Ɗan Dako

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayin, wanda dubban ɗalibai suka fi sani da laƙabin Ɗan Dako, a shekarar 1929, a wani ƙaramin gari da ke gefen layin dogo. Mahaifinsa mai awon kaya ne a tashar jirgin ƙasa, mutum mai zafin rai wanda ko gyaran muryarsa aka ji sai gida ya yi tsit. Mahaifiyarsa kuwa ɗinkin keke take yi a cikin gida. Shi ne na biyu cikin 'ya'yansu.

Yana ɗan shekara tara aka kori wansa daga makarantar kwana, bisa wani laifi da yau babu mai iya tuna shi. Hukumar makarantar ta yanka wa yaron tikiti, ta saka shi a jirgi da akwatinsa na ƙarfe, ta ɗauka ta sauke nauyi. Jirgi ya iso, akwati ya iso, yaro bai iso ba. Tsoron haɗa ido da mahaifinsa ya sa ya sauka a wata tasha a hanya, kuma har iyayen suka koma ga Mahaliccinsu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Marigayin ya tashi yana ganin wannan akwati a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, tana jawo shi kullum da safe tana gogewa.

Karatunsa

Ya kammala firamare a shekarar 1943, ya wuce makarantar gaba, sannan ya shiga kwalejin horon malamai inda ya sami shaidar koyarwa a 1951. Gaskiya ɗaya ce, bai taɓa zama na ɗaya a aji ba, kuma rubutunsa a allo kamar sawun kaji yake har ya tsufa. Abin da malamansa suka shaide shi da shi kawai shi ne, idan ya kafe a kan magana, gara a nemi wata hanya.

Aikinsa

A shekarar 1952 aka tura shi wata makarantar kwana ta maza, aka ba shi darasin labarin ƙasa, aka kuma damƙa masa kula da ɗaya daga cikin ɗakunan kwana. A shekararsa ta biyu kwamitin ladabtarwa ya yanke wa wani ɗalibi hukuncin kora. Da aka fito da yaron bakin ofis, sai sabon malamin ya tsaya gaban shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, wa zai kai shi gida?"

"Ƙafarsa mana," in ji shugaban. "Ai ita ta kai shi inda ya yi laifin."

"To, a ba ni izini in raka ƙafar."

Ya naɗe tawul ya yi gammo, ya ɗora akwatin ƙarfen a kansa, ya ratsa tsakiyar makaranta sanye da rigar aiki, yaron na binsa a baya yana sharar hawaye. Kafin ya kai bakin ƙofa ɗalibai sun raɗa masa sunan da ya bi shi har kabari.

Daga wannan rana abin ya zame masa ƙa'ida. Bai taɓa roƙon a sassauta wa mai laifi ba, don a cikin kwamitin ma shi ne mai tsanani. Amma da zarar an yanke hukunci, akwatin ya zama nasa. A jirgi ne, a bayan babbar mota ne, ko a ƙafa cikin taɓo, sai ya kai yaron har ƙofar gidan iyayensa. A can zai yi sallama, ya tsaya cikin rana da kaya a ka, ya faɗi laifin ba ragi ba ƙari. Uba ya fito a fusace, sai ya tarar da malami guda yana zufa a ƙarƙashin akwatin ɗansa, kunya ta kama shi.

"Haba Malam, don Allah sauke!"

"In ka ce ya shigo, na sauke."

An yi uban da ya bar shi tsaye tun hantsi har rana ta take tsaka, maƙwabta suka taru suna ba da baki. Duk da haka, a tsawon aikinsa ba a taɓa jin ya koma da akwati makaranta ba, kuma babu yaro ɗaya da ya salwanta a hannunsa. Wanda bai gani da idonsa ba zai ce ƙari ake yi.

Aurensa da Iyalinsa

Ya yi aure a 1956. Maiɗakinsa 'yar wani kafinta ce, mace mai barkwanci wadda takan ce an yi mata alkawarin malami, aka kawo mata ɗan dako. Ita ce dai ta ɗinka masa gammo na musamman, ta cusa masa auduga, don ta gaji da wankin tawul. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar, kuma a gidan malamai da ke ƙetaren filin ƙwallo suka haife su duka. Daga tagar ɗakin kwanan ɗalibai ana hango ƙofar gidan.

Shekarar 1975

A wannan shekara ɗalibai suka yi bore kan abinci, aka farfasa tagogin ɗakin cin abinci, aka ji wa maigadi rauni. Bincike ya tabbatar cewa jagoran tarzomar shi ne babban ɗansa, wanda yake ajin ƙarshe. Marigayin ya zauna cikin kwamitin, ya ɗaga hannu tare da sauran malamai, aka kori yaron.

Da safe makaranta duka ta zuba ido. Yaron ya fito da akwatinsa ya ajiye a bakin ɗakin kwana, ya tsaya yana jira kamar yadda ya ga kowane korarre yana yi. Mahaifin ya zo wucewa da alli a hannu, baƙin ciki da kunya sun cika masa ciki, ya dube shi sau ɗaya.

"Gida ga shi can, ai ka san hanya."

Ya shige aji. A tunaninsa tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Yaron ya ɗauki akwatinsa da kansa, ya ƙetare filin ƙwallo, ya tsaya a gindin bishiyar da ke gaban gidansu. Mahaifiyarsa ta hango shi ta taga, ta zaci mahaifinsa yake jira, ta juya ta sauke tukunya daga wuta. Kafin ta dawo yaron ya fice ta ƙofar bayan makaranta, ba a sake ganinsa ba.

"Ka kai 'ya'yan mutane har ƙarshen ƙasa," in ji ta da mijinta ya dawo gida, "naka filin ƙwallo ya gagare ka."

Waɗanda suka san shi sun ce daga ranar bai sake taka wannan fili ba, sai dai ya zagaya.

Ritaya da Tsufa

Sau biyu aka ba shi ƙarin girma zuwa wani gari, ya ƙi, don kada yaron ya dawo ya tarar da baƙi a gidan. Ya ci gaba da ɗaukar akwatin 'ya'yan wasu har ya yi ritaya a 1989, ya kama haya a daura da ƙofar makarantar. Maiɗakinsa ta rasu a 1997 ba ta sake ganin ɗanta ba.

Korarrun nan kuwa sun girma, sun watsu cikin duniya, wasu 'yan kasuwa, wasu direbobi, har da alƙali. Tun da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba ta san da zamansu ba, sai suka kafa tasu, suka kira ta 'Yan Akwati, kuma babban aikinta cigiyar ɗan malaminsu da ya ɓata. A shekarar 2006 wani direba daga cikinsu ya ci karo da shi a wani gari mai nisa na bakin ruwa, yana gyaran injin jiragen kamun kifi, furfura ta fara fito masa.

Marigayin yana da shekara saba'in da bakwai ya hau motar direban nan. Da suka isa rumfar gyaran, bai tsaya gaisuwa ba. Idonsa ya faɗa kan tsohon akwatin a ƙarƙashin benci, cike da sifanu da ƙarafa. Ya zaro gammon daga aljihu, ya umarci direban ya ɗora masa. Direban ya yi jinkiri, aka daka masa tsawa irin ta aji, ya ɗora. Masu gyara da masunta suka ajiye aikinsu, suna kallon tsoho yana karkarwa a ƙarƙashin kayan da ƙato zai yi nishi kafin ya ɗaga.

"Baba, don girman Allah sauke, wuyanka zai karye!" in ji ɗansa.

"Na makara, laifina ne. In ka ce za ka zo gida, na sauke."

Mutumin ya durƙusa a cikin baƙin mai yana kuka kamar yaro. "Zan zo, Baba. Wallahi zan zo."

Direban ya ce duk da haka tsohon bai yarda an taɓa akwatin ba sai da ya kai shi bakin mota da kansa.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 2008, bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da tara. An yi jana'izarsa a harabar makarantar, kuma saboda yawan masu neman ɗaukar makara, da ƙyar kowa ya sami sa kafaɗa. Akasarinsu dattawa ne da aka taɓa kora daga wannan harabar.

Ya rasu ya bar jikoki da dama da 'ya'ya biyar: malamar asibiti, da ma'aikacin gidan waya, da tela, da autarsu malamar makaranta, da kuma babbansu mai gyaran inji, wanda shi ne ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa, ya sauke shi a hankali. Allah Ya jiƙansa da rahama.